Yadda ake haɗa bututun ƙarfe na wayarin, daga kofla har bakin injin

Yawancin gidajenmu da fayif ɗin roba ake yi musu wayarin, a binne shi a bango, a bi da filasta, magana ta ƙare. Amma akwai wuraren da roba ba ta kai labari: shagon injin niƙa, wurin casar shinkafa, ɗakin janareta, garejin walda, da masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai a Kano ko Kakuri a Kaduna. Inda ɓera ke gaigaya, baro ke karo da bango, tartsatsin walda ke sauka, sai ƙarfe.

Abin da yara masu koyon aiki suka fi daɗewa ba su gane ba shi ne, bututun ƙarfe ba riga ba ne kawai da ake sa wa waya. Shi ma hanyar wuta ne. Ranar da wayar layif ta kwaile ta taɓa jikinsa, ta cikin ƙarfen nan wutar za ta gudu ta koma allon rarraba wuta, bireka ta faɗi. In akwai mahaɗa ɗaya tak da ta yi sako-sako, wutar ta rasa hanya, sai ta zauna a jikin bututun tana jiran hannun da zai dafa. Don haka duk kofla, duk bush, duk notin da za ka ɗaure, ka ɗauka waya da waya kake haɗawa.

Bari mu ɗauki aiki ɗaya mu bi shi har ƙarshe: shagon niƙa, allon rarraba wuta yana bakin ƙofa, makunnin injin yana can ƙuryar ɗaki, tsakaninsu kamar mita 9 da kwana biyu, sannan daga makunni a sauka zuwa moton lantarki mai layi uku da ke juya injin.

Tun daga kasuwa

Bututun ƙarfe iri biyu za ka tarar, ko a Sabon Gari ko a Alaba, kuma ba sa auren juna. Na farko mai kauri ne, tsarin Ingila, wanda ake yanka wa zare a baki, wato haƙora irin na noti, wasu su ce tiredi. Da milimita ake kiransa: 20, 25, 32, kuma tsawonsa yakan kai mita 3.75. Akwai mai baƙin fenti na cikin ɗaki inda babu laima, akwai galbanaiz wanda ke jure ruwa. Na biyu siriri ne, tsarin Amurka, ana ce masa EMT. Da inci ake kiransa, tsawonsa ƙafa 10, kuma ba a yanka masa zare domin naman jikinsa ba zai ɗauka ba.

EMT na rabin inci faɗinsa ta waje bai cika milimita 18 ba, na inci uku bisa huɗu ya ɗan haura 23. Ka ga babu wanda ya yi daidai da 20 ko 25. Mai shago zai ce maka "ai duk ɗaya ne, Oga, zai shiga." Zai shiga, amma ba zai kama ba. Ka tafi da guntun bututunka a aljihu, duk abin da za ka saya ka gwada a gabansa.

A shagon niƙa ni mai kauri nake zaɓa, galbanaiz, saboda jijjiga da ruwan da ake zubarwa wajen markaɗe. Kayan haɗinsa su ma galbanaiz za su kasance. Ka sa baƙar kofla a tsakanin fararen bututu biyu, damina ɗaya za ta nuna maka ita da jan hawaye a bango.

Ga abin da za ka lissafa: kofla, wato guntun hannun riga mai zare a ciki da ke haɗa bututu biyu, bush na tagulla, wato zoben da ke rufe kaifin bakin bututu, namiji da mace, siririn notin kulle, sadul na riƙe bututu a bango, da ƙananan akwatuna masu zagaye, mai baki ɗaya na ƙarshen layi, mai baki biyu a miƙe, mai kwana, mai baki uku, mai baki huɗu, kowanne da murfinsa da sukuru M4. Ƙara da toshiyar baki, da guntun bututu mai lanƙwasuwa da kawunansa biyu. Kayan aiki kuwa: bais na fayif, zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, 24 ko 32 a inci, magagari zagayayye, dais na yanka zare, injin lanƙwasa, sifanar bush, lebur, tef, diril da fishin tef na jan waya.

Gargaɗi ɗaya kan dais. Kada ka aro na mai gyaran famfo. Zaren fayif ɗin ruwa na rabin inci haƙora 14 ne a inci, shi kuwa na bututun waya tazarar haƙori zuwa haƙori milimita 1.5 ce, wato kusan 17 a inci. Kofla za ta hau zagaye biyu ta cije, ka zaci ta ɗauru. Shi kansa fayif ɗin ruwan bai dace da waya ba, domin cikinsa na da kaushin ɗinkin walda mai yage rigar waya.

Kashe wuta, sannan zana hanya

A nan kashe wuta ba sauke bireka ɗaya ba ne. Shagon da ke da janareta ko inbata, ka tabbata canjin-layi yana tsakiya, an kashe kowanne, ka gwada da mita, ka kuma gaya wa yaron shago da babbar murya kada ya tayar da komai.

Zana layin da alli da lebur. Ƙa'idar da muka gada ita ce kada kwana mai digiri 90 ta wuce biyu tsakanin akwati da akwati. A aikinmu kwana biyu ne cif, amma da yake tafiyar na da tsawo, zan sa akwati mai baki biyu a tsakiya don jan waya ya yi sauƙi. Ka nisanci salansar janareta da duk wani abu mai zafi.

Yanka da yanka zare

Nan ne aikin yake, nan kuma ake gane wanda ya zauna a gaban maigida da wanda ya gudu bai gama ba.

Ɗaure bututu a bais, kada ka bar fiye da tafin hannu ya fito, in ba haka ba zai yi ta rawa. Yanka a miƙe. Yankan da ya karkace zai sa dais ya hau a karkace, zaren ya fito a bugu, kofla ta zauna tana kallon gefe. Da ka gama, ka zura yatsa a hankali cikin bakin, za ka ji wani kaifi kamar reza a zagaye. Wannan kaifin shi ke fere rigar waya ranar ja, kuma ba za ka gani ba domin ɓarnar tana can ciki. Sa magagari ka cinye shi tas, har sai yatsa ya zagaya bai ji komai ba. Ta waje ma ka ɗan rage bakin don dais ya samu wurin kamawa.

Dais yana da ɓangare biyu, jagora da haƙora. Jagora ke fara shiga. Shafa man yanka zare a bakin bututun. In babu, kitse yana yi, da shi magabata suka yi aiki. Danna da tafin hannu kana juyawa dama har ka ji ya ciza. Daga nan zagaye ɗaya ko biyu gaba, rabin zagaye baya. Komawa bayan nan ita ke karya ɓarɓashin ƙarfe. Mai gaggawar da ke tuƙa dais gaba kawai kamar yana tuƙin tuwo, haƙoransa a yage suke fita.

Tsawon zare nawa? Rabin tsawon koflar da ke hannunka, ba ƙari. Auna ta ka raba biyu. Tunda kowane zagaye milimita 1.5 ne, zagaye 10 zai ba ka milimita 15. Abin da ake so shi ne bakunan bututun biyu su haɗu a tsakiyar kofla su yi karo, babu rami a tsakani da kan waya zai maƙale, babu kuma zare a waje da tsatsa za ta ci. Fitar da dais, goge man da tsumma, sake bin cikin bakin da magagari domin dais yakan matso wani sabon kaifin, sannan ka kifa bututun ka bubbuga ɓarɓashi ya zube.

Kofla

Ɗaura ta da hannu tukuna. In ta tafi sumul, zaren ya yi. Ƙarasa da filayar fayif har sai ta ƙi motsi. Kada ka naɗa farin tef ɗin masu famfo a kan zaren, kada ka shafa fenti kafin ɗauri. Su ruwa suke tsarewa, kai kuwa so kake ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Bayan an ɗaure ne ake shafa fenti a duk haƙorin da ya rage a waje, domin dais ya riga ya kankare galbanaiz ɗin wurin.

An taɓa kirana wani wurin casar shinkafa, wai duk wanda ya jingina da bango kusa da injin sai ya ji abu na tsikarinsa. Wayarin ɗin a ido gwanin kyau, bututu a miƙe kamar an ja da zare. Da na bi shi da mita gaɓa-gaɓa, sai ga kofla ɗaya a bayan buhuna, an naɗe zarenta da tef, da yatsa biyu na juya ta. Daga nan zuwa injin duk ƙarfen a raye yake, bireka kuwa ko gezau.

Wani lokaci bututun biyu duk ba sa juyuwa, ɗaya ya riga ya kafu, ɗaya yana da kwana da za ta bugi bango. Nan ake yin kofla mai tafiya. A bakin ɗaya ka yanka dogon zare wanda zai ɗauke kofla gaba ɗayanta har da notin kulle. Ɗayan kuma zare na rabin kofla kamar kullum. Fara sa notin kulle a dogon zaren, bi shi da kofla har bakin bututu ya leƙo. Haɗa bakunan biyu, dawo da kofla ta hau gajeren zaren ta tsaya, sannan ka kawo noti ya matse ta ta baya. Rashin notin nan shi ne rashin komai, domin a dogon zare kofla ba ta da abin da za ta tokara. Sauran zaren da ya rage tsirara a shafe shi da fenti. Ba na son wannan haɗin a waje inda ruwa ke duka.

Shiga akwati

Ƙananan akwatuna masu zagaye ba su da wahala, bakinsu na da zare, ka murɗa bututu ya shiga har ya tsaya. Bakin da ba ka yi amfani da shi ba ka sa masa toshiya. Ka bar shi a buɗe, zanzaro zai gina ɗakinsa a ciki kafin sati ya zagayo, ƙurar gari ta cike sauran.

Allon rarraba wuta da akwatin makunni su ne masu buƙatar natsuwa, domin jikinsu falle ne mai huda kawai, babu zare. Ɓalle hudar da ta yi daidai da bututunka, 20 ga 20. Kankare fentin da ke kewaye da ita har ƙarfe ya yi ƙyalli. Mutane na jin nauyin yin haka ga sabon akwati, amma fenti ba ya wuce da wuta.

Hanya ta farko, wadda na fi so: ɗaura kofla a bakin bututu, ta jingina da akwatin ta waje, sannan ka zura bush namiji ta ciki ya shiga koflar, ya matse fallen a tsakaninsu. Ɗaure shi da sifanar bush. Masu sa filaya suna tauna tagullar su bar mata kaifi a daidai inda waya za ta bi. In ka samu washa, wato ɗan zoben ƙarfe mai haƙora, ka sa tsakanin kofla da akwati, tana cizon ƙarfe da kyau. Wannan hanyar ba ta cin wuri a cikin akwati.

Ta biyu: zare mai ɗan tsawo, noti ɗaya a waje, a zura bututu, noti na biyu a ciki, sannan bush mace ta rufe bakin. Ita ma tana yi, sai dai bututun yana kutsowa ciki ya takura wayoyi. Ko wacce ka bi, waya ba ta fita daga bakin ƙarfe tsirara, dole ta bi ta kan santsin bush.

Kwana da sadul

Lanƙwasa ta fi sayen gwiwa. A injin lanƙwasa ka sa ƙwaryar da ta dace da girman bututu, wato zagayayyen ƙarfen da bututu ke lanƙwashewa a kansa. Yi alama inda kake so bayan kwanar ya tsaya, sa bututun, ɗora sukwaya a kan alamar, ka matsa bututun har ɗaya hannun sukwayar ya shafi gefen ƙwaryar, sannan ka ja hannun injin a hankali ba tare da fizga ba. Cikin kwanar kada ya matse fiye da ninki biyu da rabi na faɗin bututu, wato milimita 50 ga bututun 20. Wanda ya lotse, jefar da shi. Buɗe shi ba ya mayar da cikinsa. In bututu ya iso akwati hudar ta ɗan nisanci bango, yi masa ɗan tsalle da ƙananan kwana biyu, kada ka banƙare shi da ƙarfin bush.

Sadul mai ɗan dandamali a ƙasa ya fi, domin yana ɗaga bututu daidai kaurin kofla, ya hana shi kwanciya a bango mai laima. Ga bututun 20 da 25, tazara kada ta wuce mita 1.75 a kwance, mita 2 a tsaye, sannan a sa ɗaya cikin santimita 30 daga kowane akwati da kowace kwana. A shagon niƙa nakan matso da su fiye da haka. Akwatin da ya fi kowanne ƙasa ka yi masa ƙaramar huda a gindi, domin raɓar da ke taruwa cikin ƙarfe ta samu mafita.

In EMT ne a hannunka

Aikinsa ya fi sauri tunda babu dais. Yanka, share kaifi, tura cikin mahaɗa har ka ji ya daki ƙarshe. Mahaɗarsa iri biyu ce. Mai sukuru a gefe ta cikin ɗaki ce inda babu ruwa. Ɗaure sukurun har ya ciji bututu, amma kada ka lotsa shi. Mai zoben matsi, wadda ake murɗa notinta zoben ciki ya shaƙe bututun, ita ce ta wurin laima, kuma a waje sai wadda aka rubuta cewa tana tsare ruwan sama. Sifana biyu ake sa mata, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta murɗa. Na ƙarfe sun fi na narkakken zinki, waɗanda kan tsage in an matsa. A cikin akwati ka ɗora bakin sukurudireba a haƙorin notin kulle ka ɗan buga da guduma har ya ciji falle. Ƙa'idar Amurka ta ce a riƙe bututun cikin ƙafa 3 daga akwati, sannan duk ƙafa 10, kuma jimillar kwana tsakanin wuraren jan waya kada ta haura digiri 360.

Daga makunni zuwa moto

Kada ka kai sandararren bututu har jikin moto. Jijjiga za ta kwance shi, kuma ranar da za a matsa moton don ɗaure bel babu yadda za a yi. Tsaya da akwati a kusa, ka ƙarasa da bututu mai lanƙwasuwa, gajere, mai ɗan sassauci, zai fi kyau mai rigar roba saboda ruwan markaɗe. Kowane baki da nasa kan mai zare. Abu ɗaya da babu sassauci a kansa: wannan bututun ba a dogara da shi a matsayin atin, wato hanyar da wuta ke bi ta koma in waya ta taɓa ƙarfe. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, ta hana ƙarara. Dole wayar atin ta bi ta cikinsa, a ɗaure ta a akwati, a ɗaure ta a jikin moto.

Ni kam har a sandararren bututun nakan ja wayar atin mai kore da rawaya tun daga allo, ko da yake ƙa'ida ta yarda bututu ya wadatar in haɗinsa ya inganta. Na san bayan shekara biyar wani zai zo ya kwance kofla ya ƙara layi, ya mayar da ita da hannu.

Gwaji da jan waya

A gama haɗa bututu kaf kafin waya ta shiga. Sannan a gwada shi da mita mai auna ƙaramar turjiya, daga allo zuwa akwatin ƙarshe. Adadin ya zama ɗan guntun om ne, kuma ya tsaya cik. Sa yaro ya bi yana girgiza kowace mahaɗa kana kallon mita; inda lamba ta yi tsalle, nan ɓarawon yake. Ƙarar "ƙiii" ta ƙaramar mita ba hujja ba ce, tana yin ta ko da haƙori ɗaya ne ya taɓa.

Kada ka cusa waya kamar buhun auduga. A lissafin littafin aiki na injiniyoyin Ingila, bututun 20 gajere miƙaƙƙe da bai wuce mita 3 ba yana ɗaukar waya 10 masu kaurin 2.5, amma in ya kai mita 10 da kwana biyu, 4 kawai zai ɗauka. Layi uku da atin sun riga sun cika shi ke nan, in kuma kaurin wayar ya kai 4 ko 6 sai a hau bututun 25. Wannan lissafin tun kafin zuwa kasuwa ake yin sa.

Duk wayoyin da'ira ɗaya, layukan uku da nitiral in akwai, a bututu ɗaya za su tafi. Ka raba su, kowace ta bi nata ƙarfen, maganaɗisun da ke kewaye da su ba zai kashe juna ba, bututun ya riƙa ɗumi yana gurnani.

Zura fishin tef, ɗaure kawunan wayoyi a jere ɗaya bayan ɗaya don kada su yi dunƙule, naɗe da tef. Mutum biyu ne aikin: ɗaya na ja, ɗaya na miƙa wayoyin a miƙe ba tare da sun harɗe ba, kuna magana da juna. In ta cije, a koma baya kaɗan. Hodar jiki tana taimakawa. Giris da baƙin mai kuwa suna lalata rigar waya. Bayan ja, a cire moto daga layi a sa mega, wato mitar gwada ingancin rigar waya, a kan bolt 500, tsakanin waya da waya da kuma tsakanin kowace waya da bututu. Ƙasa da megom 1 bai karɓu ba, kuma sabon aiki mai kyau yakan ba da ninkin haka nesa ba kusa ba. In ya faɗi, to akwai bakin da ba a share ba, sai a zaro wayar a nemo inda ta fere.

Aikin masana'anta a Najeriya hukumar NEMSA ce ke da hurumin duba shi kafin a ba shi wuta, don haka ka rubuta adadin da mita ta nuna ka ajiye. Rufe kowane akwati da murfinsa da sukuru biyu, na waje a sa masa robar tsare ruwa. Ka kuma shaida wa mai shago cewa bayan wata ɗaya injin na aiki za ka dawo da sifanar bush, ka fara da akwatin da ya fi kusa da moto.